Gilaruna a Bakin Mashigin Afirka

Litinin, da hantsi

Mun iso! Na ga teku da idona. Tun daga kan tudu 'yata Sindi ta fara ihu a cikin amalanke, wai "Mama, sama ta faɗo ƙasa!" Inna Munifrida, uwar mijina, ta daka mata tsawa ta zauna, amma ita ma na ga ta miƙe da sandarta, baki buɗe.

Kuma ga Afirka can. Ba labari ba, ga ta. Duwatsu shuɗi-shuɗi a tsallaken ruwa, kamar in miƙa hannu in taɓa. Duk Wandalawa muna nan, da abokan tafiyarmu Alanawa da dawakinsu, tantuna har inda ido ya ƙare. An ce alkama a can sau biyu ake girbe ta. An ce akwai wata dabba mai tudu a baya da ba ta shan ruwa. Wannan kam ban yarda ba, amma ina so in gani.

Ni Gilaruna, babana limami ne. Shi ya koya mini rubutu, ya bar mini 'yan fatun nan, ya ce in cika su da addu'a. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini, teku zan rubuta.

Mijina Wilimut bai iso ba tukuna. Suwebawa sun biyo bayanmu suna wawashe garuruwan da muka bari, sai sarki ya juya da mahaya don ya kore su. Shi da ƙaninsa Blumarit suna ciki. Za su same mu a nan.

Talata, da yamma

Garin nan wari! Rumawan bakin teku suna jiƙa hanjin kifi da gishiri a manyan ramuka har ya ruɓe, wai miya ce. Maƙwabciyata Arsima, Ba'alaniya, ta ɗanɗana da yatsa ta tofar.

"Mutanen da suka ci duniya ke nan? Da wannan a cikinsu?"

Na ce, "Ku da kuke shan nonon goɗiya mai tsami?"

Ta ce, "Ke Bawandaliya, rufe baki. Ai shi ya sa muke da ƙarfin ɗaukar ku in kun gaji."

An rarraba jirage. An ƙwace su ne daga hannun masunta, ba aro ba. Namu na wani tsoho ne, Rufinu, fuskarsa kamar busasshiyar fata. Ya dube mu ya dubi amalankenmu, ya ce da yaren Rumawa, wanda nake ji sosai, "Wannan ba zai shiga ba. Ko shanun." Inna ta ce in tambaye shi ko ita za ta shiga. Ya ƙare mata kallo ya ce, "In ba ta magana da yawa."

Na yi dariya har na zauna a kan yashi.

Alhamis, da safe

Rukunin farko ya tsallaka! Duk mun fito muna guɗa. Doki ɗaya ya yi tsalle ya faɗa ruwa, ya yi iyo ya dawo abinsa. Yanzu ana rufe musu ido da tsumma.

Mun sayar da shanu. Amalanken kuwa babu mai saye, an yi wuta da shi. Na zaci zan ji wani abu. Ban ji ba. Na ƙara masa itace ma.

Jumma'a, da rana tsaka

Ba su dawo ba. Na koya wa Sindi tsintar kifin da ke cikin ɓawo.

Lahadi, bayan sujada

Mahaya sun dawo da nasara! An kori Suwebawa har cikin kogi, shugabansu ma ruwa ya ci shi. Ganguna, ƙaho, giya, sansani kamar zai tashi sama. Mijin Arsima ya dawo da zoben zinariya da rauni a kunne, ta zage shi tas sannan ta rungume shi a gaban kowa, ko kunya.

Blumarit ya dawo. Da dawaki biyu.

Ya doso ni, na ce tukunya tana kan wuta. Ya ce, "Matar yaya, tsaya mana." Na ce ina zuwa. Na tafi bakin ruwa na kalli jirage. Yau akwai wani babba mai jan ƙyalle, an ce daga wani tsibiri aka kamo shi. Kyakkyawa ne ƙwarai. Ina ma a ciki aka sa mu.

Akwai waɗanda ke tahowa a ƙasa. Ba kowa ne ke son sukuwa ba.

Litinin, da hantsi

Iskar gabas ta taso, babu jirgin da ya fita. Rufinu ya ce ta kan yi kwanaki. Yashi a cikin gurasa, yashi a cikin gashi.

Blumarit ya shiga tantin Inna ya daɗe. Na ji muryarta sau ɗaya, da ƙarfi, sannan shiru. Ni ina waje ina wanki. Kayan ma ba su yi datti ba.

Talata, da yamma

To. Zan rubuta, tunda ba wanda ya iya karatu a gidan nan.

Ya tare ni a bayan ramukan kifi, inda wari ya hana kowa zuwa. Wannan yaron da ya saba ja mini zane yana cewa abincina ba gishiri, yau ko kallona bai iya yi ba.

Na ce, "Faɗi. Ruwa ne ko mashi?"

Ya ce, "Ba ko ɗaya."

"To mene ne?"

"Lafiyarsa ƙalau, matar yaya. Ko ƙwarzane babu."

Na riƙe bango. Na ce to ina yake.

A hanyar dawowa sun bi ta kwarin Betis, ta gefen gonarmu. Wilimut ya ce zai leƙa, ya sha ruwa a rijiya. Ya sauka ya zagaya bayan gida, wajen itatuwan zaitun. Blumarit ya jira har rana ta karkata. Da ya bi shi, sai ya same shi zaune a ƙasa, yana cire ciyawa da hannu. Awakin wani sun ture duwatsun da muka jera a wajen, ya mayar da su. Ya kwance takobi ya miƙa wa ƙaninsa, da linzamin doki.

Ya ce a gaya mini shi a amalanke aka haife shi, ya taka kogi mai ƙanƙara yana yaro, ya tsallake duwatsu, ya gaji. Ya ce ba zai bar wajen nan ga awaki ba. Ya ce in ɗauko Sindi in dawo, zaitun sun yi fure.

Na ce, "Shi ke nan abin da ya ce?"

"Ya ce kin san dalili."

Na sani. Ba sai na rubuta ba.

Gobe in iska ta kwanta, gidan Arsima ne a gaba.

Laraba, da safe

Ba ta kwanta ba. Na ji daɗi, Arsima tana nan.

Laraba, da yamma

Shela ta zaga: duk gidan da namijinsa ya gudu daga runduna, ba su da wuri a jirgi. Su zauna su jira maƙiyanmu Gotawa su zo su yi musu hukunci. An riga an fitar da gida uku daga layi. Na ga matan zaune kan ƙullin kayansu, babu mai yi musu magana.

Inna ta kira mu cikin tanti, ni da Blumarit. Idonta a bushe.

"Ɗana ya mutu a kogi yana bin Suwebawa. Kun ji?"

Blumarit ya ce, "Inna, akwai waɗanda suka ga mun ratse hanya tare."

"Sun ga kun ratse, ba su ga abin da ya faru ba. Kai ka gani. Dokinsa ya zame a mashaya. Ko ba ka iya ƙarya ba? Kai da ka ce mini kare ne ya cinye naman bikin yayanka?"

Ta juyo kaina. "Ke kuma gobe ki kwance gashi."

Na ce, "Inna, yana da rai fa."

"Na fi ki sani, ni na haife shi. Kina son jirgin ko ba kya so?"

Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Kada ki yi mini fuskar kunya. Tun ranar da muka iso nake kallonki. Ƙafarki ba ta taɓa ƙasa."

Gaskiya ce. Ina so. Ina so ƙwarai. Ina so in kwana a inda ban san ko itace ɗaya ba. Shekara guda na yi ban leƙa bayan gidan nan ba, in zan je rijiya sai in bi ta gaba in zagaya. Shi kuma kullum yana can. Abu ɗaya ya same mu, shi ya kasa tashi, ni na kasa zama.

Alhamis, da rana tsaka

An yi makoki. An ajiye garkuwarsa a ƙofar tanti, mata suka taru, limami ya karanta abin da ake karantawa. Na kwance gashi. Na tsorata kada kukan ya ƙi zuwa mutane su gane.

Ya zo. Ya zo har na kasa tsayar da shi. Na yi birgima a yashi, na kira suna. Arsima ta toshe mini baki da tafinta, ta raɗa mini, "Ba wannan sunan ba, 'yar'uwa. Na babban za ki kira." Ta ɗaga murya ta rufe tawa da kukansu na Alanawa, mai kama da haushin kyarkeci.

Daga baya ta kawo mini nonon goɗiya. Na sha duka. Ba ta tambaye ni komai ba. Sai da za ta tafi ta ce, "Takabar da aka yi wa mutum da sirdinsa a bushe, ban taɓa gani ba. Amma ni baƙauya ce, me na sani?"

Sindi ta tambaya ko babanta ya tafi wajen ɗan'uwanta Hildi ne. Na ce e. Wannan kam ba ƙarya ba ce.

Asabar, da sassafe

Iska ta kwanta! Teku lumui kamar mai a akushi. Jirage sun cika ruwa, ba a ƙirga su. Arsima ta tafi da tsohuwar goɗiyarta da aka ce a bari. Ta ce in goɗiyar ba ta shiga ba, sai dai a bar mijinta. An shigar da duka biyun.

Mu jibi. Jibi! Na ɗaure kaya na kwance na sake ɗaurewa. Na gasa gurasar sha'ir mai yawa. Rufinu ya ce kada mu ci komai da safe. Wai me zai faru? Ya yi dariya ya ce zan gani.

Ina raira waƙa ina aiki, sai na tuna ni mai takaba ce. Na yi shiru. Can kuma na ji ina yi.

Lahadi, da yamma

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Na dawo daga ɗebo ruwa na tarar da Inna ta fitar da ƙullinta daga cikin namu. Ta ba wani ɗan'uwan Rufinu, mai kai gishiri cikin ƙasa, sarƙar wuyanta, wadda ta taho da ita tun daga ƙasarmu ta farko. Zai ɗora ta a jaki har kwarin Betis.

Na ce, "Inna, me kike yi? Ke da kika ce ba ki yi duk tafiyar nan don ki mutu ba ki ga ƙarshenta ba?"

"Na ga ƙarshenta. Ga shi can, shuɗi. Ya ishe ni."

"Hanyar babu tsaro."

"Wa zai taɓa tsohuwa mai haƙori uku? Wawan mijin nan naki ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Kafin sanyi ya zo sai a same shi kwance kusa da ɗansa. Ɗaya ya isa wajen nan."

Ita ce ta faɗi. Ni ban faɗa ba.

Blumarit ya durƙusa ya riƙe mata ƙafa yana kuka kamar ɗan yaye. Ta buga masa sanda a kafaɗa. "Tashi, ƙaton banza. Za ka ce wa mutane baƙin ciki ya taɓa mini hankali, na tafi neman gawa. Ka riƙe matar yayanka da mutunci. In ka bar yarinyar nan ta ji yunwa, zan sani."

Na ce, "Ni ya kamata in koma, ba ke ba."

Ta ce, "Da kin koma, da a shekara kin tsane shi. Ni kuwa na riga na saba da shi." Ta kama kunnena kamar yadda ta yi ranar da aka kawo ni gidanta. "Ki je ki gano mini dabbar nan mai tudu. In ƙarya ce, ki zagi wanda ya faɗa a madadina."

Ta hau jaki tana faɗa da mai gishiri cewa shimfiɗar ta yi tauri. Ba ta waiwayo ba. Sindi ta bi su da gudu har ramukan kifi.

Litinin, da yamma, a Afirka

A AFIRKA!

Mun shiga jirgi rana na fitowa, a matse kamar kifi a kwando. Da aka ja ƙyalle iska ta cika shi, sai ƙasa ta fara ja da baya. Na yi ihu. Ban san na yi ba sai da Rufinu ya ce, "Mai takaba, a hankali." A tsakiya ruwan baƙi ne, kuma yana da gudu kamar kogi. Wasu manyan kifaye masu santsi suka biyo mu suna tsalle, suna numfashi da ƙeya. Sindi ta ce karnukan teku ne. Blumarit, jarumin da ya kori Suwebawa, ya kwanta a ƙasan jirgi yana kiran uwarsa.

Ni ma na yi amai. Na yi sau da yawa. Ina yi ina dariya.

Na waiwaya sau ɗaya. Hisfaniya, ƙasar da muka baro, ta koma shuɗi-shuɗi.

Da jirgin ya daki yashi ban jira ba, na diro cikin ruwa har ƙugu da Sindi a kafaɗa. Arsima na tsaye a gaɓa tana kaɗa zane. "Bawandaliya! Teku ma ta ɗanɗana ki ta tofar!"

Ƙasar ja ce. Tana ƙamshin wani ganye da ban sani ba. Mutanen garin sun rufe ƙofofinsu, wasu sun hau duwatsu da awakinsu suna leƙen mu. Ba na so in yi tunanin wannan yau.

Laraba, da safe

Har yanzu ƙasa na lilo da ni. Na sake amai.

Alhamis, da hantsi

Na sake. Blumarit ya warke tun shekaranjiya, yana cin abinci kamar doki, yana yi mini dariya wai teku ta biyo ni.

Arsima ta zo aron tukunya ta same ni a bayan tanti. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Kowa ya daina, ke ba ki daina ba."

Na ce cikina ne bai saba ba.

"Ranar nan kin shanye nonon goɗiya, ke da ko warinsa ba kya so. Yaushe rabonki da ganin wata?"

Na buɗe baki in amsa. Na fara lissafi. Na koma baya, kafin bikin Ista, kafin mu ɗaure kaya mu bar gona. Na zauna a ƙasa.

Ta fashe da dariya har da buga cinya, sannan ta ga fuskata ta daina. Ta tsuguna ta riƙe mini hannu. "Marigayin ya bar miki guzuri," in ji ta, ta ɗan matsa yatsuna a kan kalmar marigayi.

Alhamis, da yamma

Yau aka kawo rukunin ƙarshe. An sallami masunta su koma gida da jiragensu. Na ruga gaɓa, na samu Rufinu yana kwance igiya.

Ya ce, "Mai takaba mai dariya. Kin manta wani abu a jirgina?"

Na ce ɗan'uwansa mai gishiri zai sake bi ta kwarin Betis? Ya ce duk wata. Na ce akwai saƙo. Zuwa ga tsohuwar.

"Mai surutun?"

"Ita. Ka ce mata mun sauka lafiya. Ka ce mata kafin a gama matsar zaitun za ta ƙara jika."

Ya dube ni, ya dubi cikina, ya daɗe. Tsohon ba wawa ba ne. Ya ce, "Ga ita kaɗai?"

Na ce, "Ita za ta san wanda za ta gaya wa."

Ya riƙe igiyar bai sake ta ba. Ya ce, "Jirgin nan babu kowa a ciki, 'yata. Ko sisi ba zan karɓa ba. Gobe war haka kina kan jaki."

Na dubi jirgin. Babu kowa, gaskiya, ga wuri har na kwanciya. Na tsaya har ruwa ya zo ya rufe mini ƙafa ya koma, ya sake zuwa. Daga baya na ji Sindi tana kirana daga kan tudu, wai in zo in gani, in zo da sauri.

Na ce masa, "Baba, sauka lafiya."

Na taya shi tura jirgin.

Jumma'a, da sassafe

An busa ƙaho. Gabas za mu, a ƙafa, teku a hannun hagu. An ce tafiyar watanni ce kafin ƙasar alkama. Arsima ta rantse sai na hau goɗiyarta, ta ce ba don ni ba. Blumarit ya ɗauki kayana da nasa, ya hana ni ko tulu, kuma bai ce abincina ba gishiri ba. Na ce in bai koma yadda yake ba zan fasa masa kai.

Yau ban yi amai ba. Yunwa nake ji, yunwa kamar in ci tantin nan. Na cinye gurasata, na cinye rabin ta Blumarit.

Sun fara tafiya. Bari in naɗe fatar nan, ba na so mu zama na baya.